Da rana hoto tangaran, da dare sai a hankali: amsoshin tambayoyinku kan kyamarar waya

Tambayoyin da suka taru min wannan karon kusan duk a kan hoton dare suke, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya, wasu na ɗan rage musu tsayi.

Tambaya: "Salam. Ina son sayen waya amma na rasa wacce zan ɗauka cikin guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya megafiksel 108 ce da kyamara huɗu a baya, ɗayar kuma 50 ce kawai, kyamara biyu, amma an rubuta tana da OIS. Abokaina duk sun ce mai 108 tunda ta ninka ɗayar. Ni kuma yawanci da daddare nake hoto."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokanka lamba suka kalla kuma ba laifinsu bane, ita ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali don an san ita ke jan ido. Amma megafiksel ƙidayar ɗigon da ke cikin hoto ne kawai, bata gaya maka yawan hasken da ya shiga ba, alhali da dare haske shi ne komai. Da rana ko wace waya zata iya burge ka saboda haske ya wadata, sai duhu yayi ake gane ta ƙwarai, don kowane ɗigo sai ya samu nasa rabon kafin ya nuna wani abu, in aka cusa ɗigo miliyan 108 a kan ɗan fili to kowanne ɗan mitsitsi zai samu, sauran kuma wayar ta cike da zato, shi ne zaka ga hoton kamar an watsa masa yashi.

Su kansu masu ƙera wayoyin sun san da haka. Yawancin masu 108 in ka barsu yadda suka zo ba hoton 108 suke baka ba, suna haɗe ɗigo tara-tara su zama ɗaya sai ka tashi da megafiksel 12. Mai 50 tana haɗe huɗu-huɗu ta baka 12 da rabi. Hatta Galaxy S23 Ultra ta 2023 da ake ta zuzuta 200 ɗinta, 16 take haɗewa ta dawo kusan 12 ɗin. Kaga kenan duk inda aka zaga nan ake sauka. Apple kuwa tun daga iPhone 6s ta 2015 har zuwa iPhone 13 ta 2021 a 12 suka zauna abinsu, kuma ba wanda ya raina hotonsu.

To me zaka duba? Girman sensa, wato ɗan falan da ke bayan gilashin kyamara wanda haske ke sauka a kansa. Ba kasafai ake rubuta shi a kwali ba, sai ka nemi cikakken bayanin wayar a intanet, zaka ga an sa kamar 1/1.56 ko 1/2.76, kuma abin a juye yake, duk wacce lambar ƙasanta ta fi ƙanƙanta ita ce babba. A nan ne nake so ka buɗe ido fa, don masu 50 ɗin ma iri-iri ne, akwai mai 1/1.56 akwai mai 1/2.76, sunan ɗaya amma filin ta farkon ya kai ninki uku na ta biyun. In taka mai 50 ɗin babbar ce ga kuma OIS, ɗauke ta kar ka waiwaya. In ƙaramar ce to magana ta canza, mai 108 ɗin na iya finta sensa, sai ka gwada su da kanka. Sai kuma lambar da ke farawa da f, ita ce faɗin ƙofar da haske ke bi, ita ma a juye, f/1.8 tana shigo da haske kusan ninki biyu na f/2.4.

OIS ɗin da ka ambata ba ƙaramin abu bane. Wata 'yar na'ura ce a cikin kyamarar da ke motsa gilashin ko sensar don ta tare rawar hannunka, da dare kuma dole kyamara ta daɗe a buɗe tana tara haske, daɗewar nan ita ke sa ɗan motsi kaɗan ya ɓata hoto. Maganar kyamara huɗu kuwa, leƙa ka gani, sau da yawa biyu daga ciki masu megafiksel 2 ne, ɗaya ta ɗaukar abu kusa-kusa ɗaya ta auna nisa. Ni dai haushi suke bani wallahi, cika lissafi ne kawai don bayan wayar yayi kama da na manya.

Tambaya: "Ina sayar da kaya ta waya, yadi da jakunkuna, kuma sai dare nake samun lokacin ɗaukar hoto. Kalar bata fita daidai, shuɗi ya koma wani iri, har wata ta dawo min da kaya tace ba shi ta gani ba. In canza waya ne?"

'Yar uwa ki riƙe kuɗinki tukuna, matsalarki fitila ce. Ki duba ɗakin da kike hoton, in akwai ƙwan fitila mai haske ruwan ɗorawa sannan ga wani fari fat, kyamarar rikicewa take ta rasa wanne zata bi, sai ta gyara rabi ta ɓata rabi. Ki kashe ɗaya ki bar iri ɗaya kawai. Sannan ƙwayayen LED masu arha ba sa fitar da kala yadda take ko da a ido sun yi haske sosai, in zaki sayi wanda zaki dinga aiki da shi ki duba jikin kwalin ko an rubuta CRI, ma'aunin nuna kala ne da ke ƙarewa a 100, ki nemi 90 zuwa sama. Kar ki sa ƙwan a saman kayan kai tsaye, ki kawo shi ta gefe ki jingina farin kwali a ɗaya gefen ya dawo da hasken, zaki ga har saƙar yadin ta fito. In kyamararki tana da maɓallin nan na AI ko na ƙawata hoto ki kashe shi, shi ne ke ƙara wa kala kauri har mai saye ya ga abin da babu.

Wani lokacin zaki ga layuka baƙi-baƙi suna ratsa hoton ko suna gudu a bidiyo, wannan ƙiftawar fitila ce da ido baya gani, saboda wutar lantarki tana kai da komowa sau 50 ko 60 a sakan gwargwadon ƙasa, a saitin kyamara da yawa akwai inda ake zaɓar 50Hz ko 60Hz, sai ki zaɓi wanda yayi daidai da wutar ƙasarki.

Amma gaskiya in da hali ki tara kayan ki ɗauke su da safe kusa da taga, inda rana bata dukansu kai tsaye, babu ƙwan da zai baki wannan. Kuma wajen turawa, WhatsApp matse hoto yake yi, ki danna HD da suka ƙara a 2023 ko ki tura shi a matsayin fayil.

Tambaya: "Wayata tana da Night, in na ɗauki gini ko titi abin sha'awa, amma in yarona ne sai ya fito dishi-dishi, wani lokacin ma kamar hannu uku gare shi. Ta lalace ne?"

Lafiyarta ƙalau Malam, aikin da ba nata ba ka bata. Yanayin dare ya bazu ne daga 2018, Huawei P20 Pro ta zo da shi, Google suka fito da Night Sight a ƙarshen shekarar, Apple suka biyo baya da iPhone 11 a 2019, kuma dabarar duk ɗaya ce: in ka danna ba hoto ɗaya take ɗauka ba, jerin hotuna take yi cikin sakan ɗaya zuwa 'yan sakanni sannan ta jera su a kan juna ta haɗa, ɗigo-ɗigon yashin nan da ke wannan hoton baya wancan sai su goge juna abin da yake na gaske ya tsaya. Gini baya motsi shi yasa yake fita. Yaro kuwa kafin ta gama ya ɗaga hannu ya sauke ya juya kai, a kowane hoto yana wani wuri daban, hannu ukun da ka gani kenan.

Don haka in mai motsi ne kashe Night ɗin, ka kunna duk fitilun ɗakin ka sa yaron ya fuskanci inda haske yake. In kana da Pro a kyamararka, wato inda kake saita komai da kanka, shiga ka sa saurin ɗauka a 1/125 na sakan ka bar ISO, wato ƙara ƙarfin hasken da kyamara ta samu, ya hau yadda yake so, hoton zai ɗan yi ɗigo-ɗigo amma fuska zata fita, kuma ni a wajena gara ɗigo da dishi-dishi sau dubu, ɗigo ana iya rage shi daga baya amma fuskar da ta goge ta tafi kenan. Ka dinga ɗauka da yawa a jere ka zaɓi ɗaya, kuma ka jira lokacin da ya ɗan tsaya, kamar sanda wani abu ya ɗauke masa hankali.

In kuma abin da baya motsi ne, to ka taimaki Night ɗin. Jingina wayar a kan tebur da littafi a bayanta, sa taima na sakan 3 ka cire hannunka gaba ɗaya, don danna maɓallin ma girgiza ta yake. Wayoyi da yawa in suka ji sun zauna daram da kansu suke ƙara lokacin ɗaukar, Pixel 4 ta 2019 har minti huɗu take kaiwa in taurari zata ɗauka. In ba wurin ajiyewa ka matse gwiwar hannunka a jikinka ka riƙe da hannu biyu, kar ka sauke sai ta gama ƙirga.

Tambaya: "Filasha, a kunna ko a kashe?"

A kashe, sai in takarda zaka ɗauka ko wani abu da kake so kawai a gani. Haskenta baya zuwa nesa, in nisa ya ninka abin da ke isa kashi ɗaya cikin huɗu ne, shi yasa na gaba yake fari fat goshi na ƙyalli na baya kuma duhu. Masu kunna ta a filin wasa ƙeyar na gabansu kawai suke haskawa. In ba fitila ka ari wayar wani ya kunna tocila ya riƙe ta gefe, ko ya haska farin bango hasken ya dawo kan fuska a tausashe.

Tambaya: "Duk fitilar da na ɗauka da dare sai ta yi dogon wutsiya a hoto."

Goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, maiƙon yatsa ne, da rana baya nunawa. In ka liƙa gilashin kariya a kan kyamarar cire shi ka sake gwadawa. Tunda muna nan, da dare ka tsaya a 1x, wato babbar kyamarar, don kyamarar 0.5 mai ɗaukar fili mai faɗi da kuma ta jawo nesa sensarsu ƙanana ne a yawancin wayoyi, gara ka taka ka matsa kusa.

Tambaya: "Ni baƙa ce, in muka yi salfi da dare ƙawayena suna fita ni kuma sai ido da haƙori, ko kuma wayar ta mayar da ni toka-toka."

Wannan ƙorafin gaskiya ne 'yar uwa, kuma ba ke kaɗai ba. An daɗe ana saita kyamarori da farar fata, har sai da Google suka fito a 2021 da abin da suka kira Real Tone a Pixel 6 don gyara wannan, wanda ya nuna miki sun yarda akwai matsalar. Kafin ki kai ga sabuwar waya, ki lura da inda fitila take, in tana bayanku kyamarar ita zata bi ta bar fuskarki a duhu, ku juya ku fuskance ta, ke ki tsaya ɓangaren da ya fi kusa da hasken. Ki taɓa fuskarki a allon don ta auna haske daga nan, in alamar rana ta fito ki ɗan ja ta sama kaɗan, kaɗan fa, in kika cika ne tokar ke zuwa. Ki kashe gyaran fuska shi ma. Kuma kyamarar gaba ƙarama ce, in akwai mai ɗauka muku a yi da ta baya.

Tambaya: "Tsohuwar babbar waya ta hannu ko sabuwa matsakaiciya, wacce ta fi a hoton dare?"

In hoto kawai ake magana, sau da yawa babbar ta shekara biyu ko uku da suka wuce tana gaba, don ita aka sa wa babban sensa da OIS da injin da ke iya haɗa hotunan nan da kyau, kuma rabin hoton dare aikin manhaja ne, shi yasa waya biyu masu sensa iri ɗaya ke fitar da abu daban. Abin tsoron shi ne batir da ya gaji, da ko kamfanin yana ci gaba da turo mata sabuntawa, da kuma ko an taɓa canza mata kyamara da wata ta daban.

Ko wacce ce dai kar ka gwada ta a ƙarƙashin fitilun wurin sayarwa, nan kowa gwani ne. Nemi lungu mai duhu, ko ƙarƙashin tebur ma ya isa, ka ɗauki abu mai rubutu da wayoyin biyu, ka buɗe hoton ka jawo shi ka ga wacce rubutunta ke karantuwa wacce kuma ta dame shi. Ɗauki fuskar mutum yana ɗan motsi. Sannan kayi bidiyo kana tafiya, don a bidiyo ba damar tara hotuna na sakanni, nan ake ganin asalin ƙarfin sensar, kuma ka sa su duka a hoto 30 a sakan ba 60 ba, a 60 kowane hoto rabin lokacin tara haske yake samu sai ka ga duhu ka zata laifin wayar ne. In mai sayarwa ya hana ka wannan gwajin a waya ta hannu, ajiye masa kayansa.