Daga Ina Annie Marainiya Ta Samo Asali?

Tambaya: Edita, na kalli fim ɗin Annie na 2014, sai aka ce mini labarin ya girmi kakata. Da gaske ne?

Amsa: Gaskiya aka faɗa miki. Harold Gray ne ya fara zana marainiyar, da idanunta farare fat marasa ƙwaya, a jaridar Daily News ta Amurka a 1924. Ta shiga fim tun 1932, amma wasan dandamali na waƙe-waƙe da aka buɗe a Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, a 1977, aka kuma yi shi sau 2,377, shi ya ɗaukaka sunanta. Daga gare shi aka ciro fim ɗin 1982. Na 2014 kuwa, a ganina, ya fi ƙarfin hali, domin yarinya baƙar fata, Quvenzhané Wallis, aka bai wa matsayin.