Likita na amsa tambayoyinku: yadda fata ke rufe rauni

Wata uwa daga Funtuwa: Likita, yarona ya ƙuje gwiwa wajen ƙwallo. Kakarsa ta ce a bar ciwon ya sha iska ya bushe. Haka ne?

Hajiya, a gaida Kaka, amma a nan ban bi bayanta ba. Ƙwayoyin halittar da ke bakin rauni su ne ke rarrafowa zuwa tsakiya su rufe shi, kuma ba ɗaiɗai suke tafiya ba. Manne suke da juna kamar saƙar tabarma, na gaba suna lalube, na baya suna biye. An daɗe ana zaton na gaban kaɗai ke jan ayarin, sai a 2009 wani masanin kimiyya, Xavier Trepat, da abokan aikinsa suka auna ƙarfin, suka tarar har na can baya ma suna ja. Kowa da hannunsa a igiyar.

Wannan tafiya danshi take so. In ɓawo ya bushe ya yi tauri, dole su kutsa ta ƙarƙashinsa. A 1962 wani mai bincike, George Winter, ya gwada a fatar aladu a Ingila: raunin da aka rufe ya kusan ninka wanda aka bari a buɗe saurin warkewa. Ki wanke da ruwa mai tsabta, ki shafa basilin, ki sa bandeji. Toka da man goge haƙori kuwa, don Allah a daina.

Wani dattijo daga Maraɗi: Ina da ciwon suga, gyambon ƙafata ya yi wata biyu bai rufe ba.

Baba, suga in ta yi yawa jini ba ya isa ƙafa sosai, ayarin ƙwayoyin sai ya tsaya cik a bakin gyambon. Ka je asibiti a makon nan, kada ka jira.

Wata ɗaliba daga Zariya: Me ke tsayar da ƙwayoyin in raunin ya rufe?

Haɗuwa da 'yan'uwansu. Wani masanin kimiyya, Michael Abercrombie, ya nuna tun shekarun 1950 cewa ƙwaya in ta ci karo da wata sai ta dakata. Ƙwayoyin ciwon daji da yawa sun rasa wannan ladabi. Wani lokaci ma a dunƙule suke ɓallewa su shiga jini, kuma dunƙulen ya fi ƙwaya guda iya kafa ciwon a wata gaɓa. Shi ya sa nake faɗa da masu ɓoye ƙullutu a nono wata da watanni.