Roba ko ƙarfe a ƙarƙashin giyabos: amsar Baffa

Ɗana, bayan gaisuwa, saƙonka ya same ni tun daren jiya, kuma sai da na karanta shi sau biyu. Karatun farko murmushi na yi, na biyu kuwa sai na ji hankalina bai kwanta ba. Ka ce robar da giyabos ke zaune a kanta a tsohuwar motar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ta mutu, abokanka kuma sun ba ka shawara ka cire ta ka dasa dunƙulen ƙarfe a wurin, tunda ƙarfe ba ya ruɓewa, daga nan ka huta. Har ka ƙara da tambayata ko sa roba a wurin nan al'ada ce kawai ta tsofaffin makanikai, mun tarar ana yi mu ma muka ɗauka.

Abin da ya sa ni murmushi shi ne ni ma na taɓa yin wannan tunanin, ina ɗan shekara 17. Kai dai Allah ya taimake ka ka tambaya kafin ka taɓa. Ni ban tambayi kowa ba, walda na kunna.

A lokacin shekarata ta uku ke nan a hannun maigidanmu, wanda ya koya mini sana'a. Ya yi tafiya ta kwana uku ya bar mana gareji. Da hantsi sai ga wani direba da tsohuwar a-kori-kura mai silinda huɗu, irin wadda ke ja da ƙafar baya. Kukansa ɗaya: duk sanda ya saki kulochi sai ya ji wani abu ya buga gum a ƙarƙashin kujera, libar giya ta yi tsalle ta doki hannunsa. Na shiga rami da fitila. Giya sit ɗin, wato robar nan da kake magana a kai, ta sha mai har ta kumbura, ta yi laushi kamar tsumman da ya kwana a ruwa, ta rabu da farantin ƙarfenta. In ka sa ƙarfe ka ɗaga wutsiyar giyabos sai ta biyo ka sama ba gardama. Ba mu da sabuwa a ajiye, direba kuma yana ta duban rana, ga kaya an ɗaura masa. Sai na ce a raina, me ya sa za a sake sa abin da zai ƙara mutuwa? Na samo ƙarfe mai kauri, na yanka, na huda, na yi masa walda. Ban yi aikin ganganci ba, don sai da na auna tsayin tsohuwar robar na fitar da nawa daidai da shi, na goge walda har tana sheƙi.

Direban ya zaga da ita ya dawo yana washe baki. Ya ce tunda ya sayi motar nan giya ba ta taɓa shiga tsaf irin na yau ba. Kuma gaskiya ya faɗa, ba zan ɓoye maka ba, domin wannan shi ne abin da abokanka suka ji labari. Da zarar ka ɗaure giyabos da ƙarfe, liba ba ta ƙara yawo, giya na faɗawa inda ka aika ta. Amma tun a ranar na lura madubin gefe yana karkarwa har ba ka gane abin da ke cikinsa, sifanar da ya ajiye a ƙasan kujera tana ta kaɗawa ita kaɗai. Na gani da idona, na kau da kai, don yabon da aka yi mini ya cika mini kunne.

Bai cika wata ɗaya ba aka jawo motar da igiya, man giya na ɗiga a bayanta tun daga bakin ƙofa. Maigida ya shiga ƙarƙashi ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce a miƙo fitila, sannan ya ce, “Wa ya yi wannan?” Na ce ni ne. Na ɗauka duka zan sha, amma sai ya matsa ya ce in shigo in kwanta kusa da shi. Ya kama ɗan yatsana ya ɗora a jikin wutsiyar giyabos, ya bi da shi kan wata tsaga siririya kamar silin gashi. Daga gindin notin da na ɗaure ta tashi, ta kusa zagaye wutsiyar duka. Ƙarfen da na yi walda kuwa yana nan garau, ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Naka ya tsira, na mai mota ya mutu. Garin gyaran gira ka rasa ido.”

Da muka fito ya sa aka buɗe bonet ɗin wata motar da ke jiran gyara, aka sa wa tayoyi waigi, aka ja birkin hannu. Ya ce in tsaya daga gefe, kada in tsaya a gaba. Ya shiga ya taka birki, ya sa giya ta ɗaya, ya riƙa sakin kulochi a hankali. Ɗana, a ranar na fara ganin inji yana juya kafaɗa. Gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya danna ƙasa, da ya taka kulochi ya koma mazauninsa. Ya sa ribas, injin ya karkata ɗaya gefen. Shekara uku ina wanke injuna, ban taɓa tsayawa na kalli wannan ba. Sai ya ɗauko kara guda biyu. Ɗaya ya matse bakinsa a bais, wato ƙarfen matsa da ke kan teburin aiki, ya murɗa ɗaya bakin, nan take ya tsage daidai inda bais ya cije shi. Na biyun ya ce in riƙe da tsumma a tafin hannuna, ya murɗa, karan ya juya a hannuna lafiya lau. Ya ce, “Inji da giyabos jiki ɗaya ne. Ka bar kai yana juyawa, ka ɗaure wutsiya. Ina kake so murɗar ta tafi?”

Daga baya na fahimci sauran bayanin. Yawancin tsofaffin motoci masu ja da baya a kan ƙafa uku inji da giyabos suke tsaye: injin sit biyu a gaba, hagu da dama, sai giya sit ɗaya a baya a kan ƙarfen da ya gitta shasi. Na gaban su ne masu kokawa da murɗar inji. Ta bayan aikinta ta ɗauki nauyin wutsiya, ta kuma bar ta ta bi motsin da kai ya yi. A giya ta ɗaya ƙarfin murɗar da ke fita ta furofela, wato dogon bututun da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafar baya, ya kan ninka na inji sau uku zuwa huɗu, kuma gwargwadon yadda giyabos ke murɗa furofela, haka ita ma ake murɗa ta ta ɗaya gefen. Ga shi kwandon giyabos da yawa na alminiyam ne na zubi, shi kuwa ba ya lanƙwasa ya dawo, haƙuri yake yi har ranar da zai tsage. Ban da wannan, shasin ma ba ya tsayawa cik. Duk sanda ƙafa ɗaya ta faɗa rami ko ta hau tudu sai ya ɗan murɗe, tsohon shasi kuwa ya fi sabo yin haka. In akwai roba, ita take shanye wannan. In ƙarfe ne, giyabos ce za ta zama ginshiƙin da ke hana shasi motsi, aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. Maigida ya kan ce Allah da ya halicci gwiwa bai haɗa ƙashi da ƙashi ba, sai da ya sa guringuntsi a tsakani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba tsagar ba ce, direban ne. Kwana tara motarsa na gareji kafin a samo wata wutsiyar. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a benci, ya gaishe mu, ni ma ya gaishe ni da suna, bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Da wannan motar yake ciyar da iyalinsa. Maigida ya ɗauki nauyin gyaran, bai kuma sake tayar mini da zancen ba har ya bar duniya, Allah ya gafarta masa. Ni ne dai ban manta ba.

Ka ce ko al'ada ce. To, motocin farko da yawa a jikin shasi ake ɗaure injinsu kai tsaye, mutane suka sha karkarwa har suka gaji. Inji mai silinda huɗu yana bugu biyu a kowane juyi, ka ga in yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a kan juyi 750 a minti, bugu 25 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma duk sai sun sami inda za su sauka. A 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da motar Plymouth mai silinda huɗu wadda aka ɗora injinta a kan roba ta yadda zai riƙa lilo a mazauninsa, suka sa wa tsarin suna Floating Power. A 1932 Citroën na Faransa ya sayi izinin yin amfani da shi. Ka ga ke nan ƙarfen da abokanka ke ɗauka sabon wayo shi ne tsohon yayi, roba ce ta zo ta raba mutane da shi.

Ba kuma cewa nake roba ba ta da laifi ba. Tana mutuwa, wani lokaci mutuwarta na da haɗari. A 1971 General Motors ta kira motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7 a dawo da su saboda injin sit da ke rabewa, inji ya ɗaga ya jawo totur mota ta ƙwace wa direba. Amma ka lura da maganin da suka yi: igiyar ƙarfe suka ɗaura wadda za ta tare injin in ya wuce iyaka, suka bar shi a kan robarsa.

Ƙarfe zalla yana da gidansa, a motar tsere, wadda aka ɗaure shasinta da bututu ta ko'ina, mai ita bai damu da ƙara ba, kuma yana kwance ta yana dubawa bayan kowace fita. Ko a can ma, da yawa in sun sa wa inji ƙarfe sukan bar roba a wutsiya, saboda tsagar nan da na taɓa da yatsana. Akwai kuma wata roba mai tauri ta zamani, foliyuretan, wadda mai ba ya cin ta kamar yadda yake cin baƙar roba. Ban ƙi ta ba, na sa wa mutane sun ji daɗi. Sai dai za ka ji injin a kujera da sitiyari fiye da da, musamman a silo, kuma in za ka sa ta, kada wutsiya ta fi kai tauri. Ko dai duka ukun su zama iri ɗaya, ko ta bayan ta fi laushi.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, ɗana, kuna ganin motar tsere a waya na minti biyu, sai ku ce a yi wa taku haka. Cikin abokan nan naka, wa ya kwanta a ƙarƙashin motar ya duba? Wa ya tambaya me ya kashe robar? Ruwa ba ya tsami banza. In shekaru ne, za ka gan ta a bushe da ƙananan tsage-tsage. In ta kumbura tana danƙo, mai ne ke zuba a kanta, daga sil ɗin bayan inji ko na wutsiyar giyabos, kuma in ba ka toshe yoyon ba sabuwar ma haka za ta bi. In gefe ɗaya ne ya ƙone, duba salansa, wataƙila ta matso kusa. Mu a zamaninmu ba a yar da abin da ya lalace sai an juya shi a hannu an karanta shi. Yanzu kafin mai mota ya gama bayani an riga an jefar.

Mahaifinka kansa bai taɓa canja ɗaya cikin robobin nan uku ya bar biyu ba. Ya kan ce tare suka tsufa, in ka sa sabuwa a tsakanin matattu ita za ta ɗauki wahalar duka. Shi ne kuma mutumin da na sani da in ya ji motar ta fara gurnani a babbar hanya, kafin ya zargi taya sai ya duba ko wutsiyar giyabos ta sauka, don in ta sauka kusurwar furofela ta canja, kuros kuwa, wato gaɓar da ke bakin furofela, ba ya son ta wuce kamar digiri 3. Ina tuna wata rana da muka kwana biyu muna neman wata ƙara a motar nan taku, ni na rantse bayarin ne, shi ya ce a ɗaga wutsiya da jak tukuna. Da aka ɗaga da kaurin yatsa ɗaya, aka saka mata sabuwar roba, ƙarar ta ɗauke.

In za ka taɓa aikin da kanka, ka sa katako tsakanin jak da giyabos, ka ɗaga kaɗan kana duban fanka kada ta taɓa lagireto. Kada ka ƙulle notuna sai nauyi ya zauna a kan robar. Kuma don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, ka kafa mata abin tsayawa. Kafin ka sayi komai, ka ciro tsohuwar ka ɗauki hotonta ta sama da ta ƙasa, ka haska fitila ka ɗauko mini injin sit ɗin nan biyu, da wurin da giyabos ta haɗu da inji, ina so in ga ko akwai jiƙar mai. Ka kuma gaya mini ko har yanzu asalin injinta ne a ciki, don na ji ƙishin-ƙishin an taɓa sauke shi bayan rasuwar mahaifinka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.