Motar kayana ta daina ja: in ci bashi in gyara, ko in sayar?

Wani ɗan kasuwa mai rarraba kaya ga masu shaguna ya rubuto yana cewa tsohuwar motarsa mai shan dizal ta rasa ƙarfi. Ko ya taka totur har ƙasa, allurar juyin inji ba ta wuce 2,500, kuma idan ya yi lodi da ƙyar take hawa tudu. Bakanike ɗaya ya ce famfon mai ne, wani ya ce turbo ne, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, kuma kowanne daga cikinsu zai ci kaso mai yawa na jarinsa. Yana tambaya ko ya ci bashi ya gyara, ko ya sayar ya huta.

Malam, shawarata ita ce kada ka ci bashi yanzu, kada kuma ka sa motar a kasuwa, domin har yanzu ba a gano cutar ba. Bakanikai biyu sun ambaci abubuwa biyu daban, kuma daga bayaninka babu wanda ya yi gwaji a cikinsu. Famfo da turbo suna cikin mafi tsadar kayan injin dizal, alhali alamar da ka kawo sau da yawa daga ƙananan abubuwa take fitowa. Wanda ya sayar da mota tana wannan hali, da farashin mai mataccen inji za a saye ta, ko da tiyo ɗaya ne ya tsage.

Injin dizal na ƙaramar motar kaya, idan yana da lafiya, yakan kai juyi 4,000 ko sama da haka a minti. Idan ya tsaya a ƙasa da haka sosai, to ko mai ba ya isa, ko iska ba ta isa, ko hayaƙi ba ya samun hanyar fita, ko kuma kwamfutar motar ce ta taƙaita ƙarfin da gangan don ta kare injin. Akwai gwajin da za ka yi da kanka ba tare da kashe ko sisi ba. Bayan injin ya yi zafi, ka sa giya a firi ka taka totur na ɗan lokaci. Idan allurar ta hau yadda ya kamata a tsaye amma ta kasa a kan hanya, zargi ya fi karkata ga ƙarancin mai ko iskar turbo, domin inji marar kaya mai kaɗan yake buƙata. Idan kuwa allurar tana tashi a kan hanya amma gudu ba ya ƙaruwa, kuloci ne ke zamewa, injin ba shi da laifi.

Sai ka sa wani ya tsaya a baya ya duba hayaƙin. Baƙin hayaƙi mai kauri yana nuna mai ya fi iska yawa, wato a duba filtar iska, da tiyon da ke kai iskar turbo cikin inji, da bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, wanda baƙin toka kan sa ya maƙale a buɗe. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, kuma a nan ne zargin turbo ko ringi, wato zoben fistin da ke hana baƙin mai shiga inda dizal ke ƙonewa, yake da tushe. Idan babu hayaƙi ko kaɗan amma motar ba ta ja, yawanci mai ne ba ya isowa.

A kan wannan na ƙarshe nake so ka tsaya, saboda nan ne 'yan kasuwa suka fi asarar kuɗi a banza. Kafin a taɓa famfo, a canza filtar dizal, wadda dama kayan sabis ce. A sa tiyo mai haske tsakanin filta da famfo a ga ko kumfa na bi, domin tsohon tiyo yakan sha iska ba tare da ya ɗigar da mai ba. A buɗe murfin tanki a gwada tafiya, saboda idan kafar numfashin tankin ta toshe, man ba zai sauka yadda ake so ba. Gogaggen bakanike yakan ba injin mai daga wani galan mai tsabta kai tsaye. Idan ƙarfin ya dawo, an wanke famfo daga zargi, laifin yana tsakanin tanki da filta. Idan motar mai wayar totur ce, a tabbatar wayar ba ta saki ba, don wani lokaci totur yana ƙasa amma hannun famfon bai kai ƙarshe ba.

Shekarar motar ma tana da magana. Injinan da ake kira komon rel sun fara shiga ƙananan motoci a 1997, kuma kwamfuta ce ke sarrafa mansu. Idan taka irinsu ce, ka lura ko ƙarfin yana dawowa bayan ka kashe mota ka sake tayarwa, sannan ya ɓace idan ka matsa mata. Wannan alama ce ta cewa kwamfutar ta ga abin da bai yi mata ba, kuma jona na'urar bincike zai nuna lambar kuskuren. Amma lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba umarnin sayen kaya ba ce. Motocin da aka ƙera don Turai daga 2009 zuwa sama galibi suna da matatar toka a salansa, wadda gajerun tafiye-tafiye irin na mai rarraba kaya ke saurin toshewa. Kada kuma kowa ya kai hannu kusa da bututun injekta, wato mai fesa dizal cikin inji, yayin da inji ke aiki, domin a irin waɗannan injina matsin man yakan haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, yana iya huda fata.

Yanzu ga lissafin. Ka ware kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, ka biya bakaniken ladan gwajinsa ko da bai canza komai ba, ta haka ba zai ga sai ya sayar maka da kaya kafin ya samu nasa ba. Ka ƙulla da shi cewa ba za a sayi wani babban abu ba sai ya nuna maka gwajin da ya kama shi, kuma tsohon da aka cire naka ne. Ka kuma rubuta abin da motar ke kawo maka a rana, da ƙarin man da take sha tun da matsalar ta fara, don ka san nawa kowace ranar jinkiri take ci.

Idan an bi duk waɗannan aka tabbatar famfo ne ko turbo, ka sa a auna matsin silinda kafin ka biya, saboda sabon famfo ba ya tayar da injin da ringinsa ya cinye. Idan matsin yana da kyau, jiki da giya ma lafiya, gyaran ya cancanci bashi, muddin ribar motar za ta biya shi cikin 'yan watanni ba tare da ka taɓa kuɗin sarin kaya ba. Idan matsin ya faɗi, ko jimillar gyaran ta doshi rabin darajar motar, a ganina ka sayar, ka gaya wa mai saye abin da gwaji ya nuna, sannan ka riƙa ɗaukar haya na kwanakin rarraba kaya har ka haɗa kuɗin wata.