Shafina yana buɗewa lafiya, sai na bi ƙa'idojin HTML da CSS?

Ɗan'uwa, ka ce shafinka yana fitowa daidai a Chrome, to mene ne amfanin wahalar da kai wajen bin ƙa'idojin da ƙungiyoyin W3C da WHATWG suka shimfiɗa wa HTML (rubutun gina shafi) da CSS (na yi masa ado)? Amfanin kuwa yana da yawa.

Burauza, wato manhajar buɗe shafi irin Chrome, tana da haƙuri. In ka manta rufe wata alama ta HTML, ba za ta yi ƙorafi ba, sai ta gyara yadda ta ga dama, kuma ba lallai ya dace da nufinka ba. In ka manta da sa <!DOCTYPE html> a farkon shafi, sai ta koma bin salon tsofaffin burauzoji, har rubutun cikin tebur ya daina gadon girman rubutun shafin.

Abin da ya fi burge ni shi ne raba ado da rubutu, wanda CSS ya kawo tun 1996. Shafi hamsin, kana son sauya launin kanun labarai: layi ɗaya za ka taɓa. Burauza kuma tana ajiye fayil ɗin CSS, shafi na gaba ya buɗe da sauri.

Ka kuma tuna da makafi. Manhajar da ke karanta musu shafi da h1, h2 (alamomin kanu) da alt (bayanin hoto) take bin hanya. In komai div ne, wato alamar da ba ta nuna ma'anar abin da ke cikinta, sun ɓata ke nan.

Kada ka tsara shafi da tebur, kada kuma ka manta da tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ za su iya rikiɗewa. Ka gwada shafin da manhajar binciken kurakurai ta W3C. In kuma shafin na hukuma ne ko na karɓar kuɗi, nemi ƙwararre ya auna shi da ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafi.