Amsa ga ɗan'uwa da ya tambaya kan Jibin Ubangiji

Ɗan'uwa, salama gare ka. Ka tambaya: in Yesu ya riga ya miƙa kansa hadaya, me ya sa muke ta cin jibi, ko wata sabuwar hadaya ce muke yi?

A'a. Duba Ibraniyawa 10:10-14. Firistocin zamanin dā suna yanka dabbobi kullum, jinin kuwa bai taɓa kawar da zunubi ba. Almasihu ya miƙa jikinsa sau ɗaya tak, aiki ya ƙare a kan gicciye.

Jibin kuma a daren Idin Ƙetarewa ya kafa shi, daren da Yahudawa ke tuna ɗan ragon da jininsa ya kare gidajensu a Masar. Ya kakkarya gurasa, ya miƙa ƙoƙo, ya ce a riƙa yin haka domin tunawa da shi (Luka 22:19). 'Yan Katolika sun gaskata gurasar da ruwan inabin suna zama jikinsa da jininsa na hakika, amma su ma ba su ce ana sake kashe shi ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne durƙuson da ake yi wajen karɓar jibin. A majami'armu a Wusasa na ga tsohuwa mai sayar da ƙosai ta buɗe tafin hannu, hannun duk tabon mai, kusa da ita malamin jami'a daga Samaru, ƙoƙo ɗaya ya zagaye su. Ranar sai da na yi hawaye.

Kafin ka matso cin jibi ran Lahadi, karanta 1 Korintiyawa 11:28. In akwai wanda kuke gaba da shi, je ku shirya tukuna.