Shin Gaskiya Ita Ce Abin da Jama'a Suka Haɗu a Kai?

Tambaya: Malam, an koya mana a aji cewa masu falsafar firagmatizim ta Amurka, wato masu auna ra'ayi da tasirinsa a aikace, sun ce gaskiya ita ce abin da masu bincike suka haɗu a kai. To idan kowa ya haɗu a kan kuskure fa? Daga wata ɗalibar falsafa.

Amsa: Ƙanwata, kin sa yatsa a daidai inda ake yawan yi wa Charles Peirce, wanda ya kafa wannan falsafa, gurguwar fahimta. Abin da ya rubuta a 1878 shi ne, gaskiya ita ce ra'ayin da duk masu bincike za su tarar a ƙarshe, in aka ci gaba da binciken yadda ya kamata. Bai ce a ƙirga hannuwa yau ba. Misalin da ya kawo shi ne saurin haske: wani ya auna shi ta husufin watannin duniyar Jufita, wani da na'urar Fizeau, wani da ta Foucault, dukansu biyu masana kimiyya ne na Faransa. Da farko lissafinsu ya saɓa, amma da kowa ya gyara kayan aikinsa sai alƙaluman suka riƙa matsowa wuri guda. Ba sulhu suka yi ba, hasken ne ya tilasta musu.

Peirce ya san wannan a aikace, domin ya yi kusan shekara 30 a hukumar awon gaɓar tekun Amurka, yana auna ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi. Mai awo ya san idonsa yana kuskure. Shi ya sa tun 1868 ya ce kada hujja ta zama sarƙa, wadda zobe ɗaya in ya tsinke an gama. Ta zama igiya da aka tuƙa da zaruruwa masu yawa, ko da kowanne siriri ne. Ni dai wannan kwatanci ya fi komai kwanta mini a rai.

Saboda haka al'ummar da ta haɗu a kan kuskure, ta kuma toshe bakin mai gardama, ta daina bincike ke nan. Peirce ya lissafa wannan a 1877 cikin hanyoyin kafa imani da ba su ɗorewa: bin umarnin hukuma.

Josiah Royce, wani masanin falsafa na Amurka, ya ƙara wani abu a kan wannan a 1913, wato fassara. Ya ce fahimta tana buƙatar uku: mai magana, tafinta, da wanda ake yi wa fassarar. Ki tuna tafinta a kotu. Abin da tafintan ya faɗa shi ma magana ce sabuwa, wadda lauya ko alƙali zai iya neman a sake fassara ta, har shi mai maganar ya ce ba haka yake nufi ba.